Jan bulon falona ya cika duhu: wane shafi zai haska shi ba tare da ya binne shi ba?

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wajen masu sani. A falon gidan da muka koma akwai bango ɗaya na jan bulo, da gangan aka bar shi ba filasta. Faɗinsa mita 4 da rabi, tsayinsa ya kusa mita 3. Ranar da na fara shiga gidan shi ya fara ɗaukar idona, amma da muka zauna sai na gane yana shanye hasken ɗakin. Taga ɗaya ce, a gefensa kuma take, tun la'asar sai ka ce magariba ta yi. Maigida ya ce a kawo farin fenti a bi shi da rola a huta. Ni kuma raina bai ba ni ba, don in aka yi haka me ya raba shi da sauran ukun? So nake ya yi haske amma a riƙa ganin kowane bulo da kamanninsa, wannan ya ɗan ƙone, wancan ya yi fatsi-fatsi. Akwai yadda ake yi?

Af, na manta. Daga ƙasa, ta kusurwar dama, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa a layi biyu zuwa uku. Na share, bayan mako ɗaya ya dawo.

Mai Buroshi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai mana, kuma ba wahala. Ki samu farin fentin ruwa, imolshan, wanda ba ya sheƙi. Gwangwani ɗaya na fenti, gwangwani ɗaya na ruwa, a dama sosai har ya koma kamar madara. A fesa wa bulon ruwa kaɗan ya yi sanyi, a shafa da buroshi a kan bulo huɗu ko biyar, kafin ya kama a bi shi da tsumma ana dannawa. Inda kike son jan ya fito sai a ƙara gogewa, inda kike son fari sai a ƙyale shi. Kada a yi babban wuri lokaci guda, bulo yana da ƙishirwa, kafin ki juyo ya shanye. In ya bushe kika ga bai kai hasken da kike so ba, a ƙara hannu na biyu. Kullum a fara da tsinkakke, don ƙari yana da sauƙi, ragi ne aiki.

Baba Magini:
Ɗana Mai Buroshi, ka tsallake ƙarshen maganarta, alhali nan ne farkon aikin. 'Yata, ajiye zancen launi tukuna. Farin garin nan gishiri ne. Ba ya fitowa shi kaɗai, ruwa ke ɗauko shi daga cikin bulo da siminti, in ya iso waje ruwan ya bi iska, gishirin ya zauna. Tunda kin share ya dawo, to har yanzu ruwa na shiga bangon nan ta wani wuri. Mene ne a bayansa? Banɗaki ne, ko kicin, ko waje?

Maman Nana:
Banɗaki ne Baba, ta daidai kusurwar.

Baba Magini:
To kin ji. A kira mai gyaran famfo kafin mai fenti. Duk abin da aka shafa a kan wannan wurin yanzu, gishiri zai taru a ƙarƙashinsa ya tunkuɗo shi.

Injiniya:
Ina bayan Baba. Hajiya, ga gwaji biyu da za ki yi da kanki yau. Na farko, yanko leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ki manna ta a kusurwar da salatif, ki rufe gefe huɗun ruf. Ki manna wata a sama inda kike ganin a bushe yake. Bayan kwana ɗaya ki ɗaga. In kin ga gumi a cikin ledar, ko bulon ya yi duhu fiye da na kusa da shi, akwai danshi a ciki. Na biyu, ki yayyafa ruwa a wurare daban-daban na bangon. In bulon ya tsotse nan take ya yi duhu, a buɗe yake. In ruwan ya dunƙule ya gangaro, an taɓa shafa masa banish ko wani abin toshewa. Amsar gwaji na biyun ita za ta yanke irin shafin da zai kama.

Gishirin kuma a kakkaɓe shi a bushe da buroshi mai tauri. In aka kwarara masa ruwa narkewa yake ya koma ciki, ya sake fitowa.

Anti Mai Ado:
Ni dai ƙanwata, da za ki ji tawa, kada ki taɓa shi. Mutane na wahala suna manna takarda mai hoton bulo, ke Allah ya ba ki na gaske. Matsalarki haske ce, ba launi ba. A sa fitilu biyu ko uku a sama, dab da bangon, su riƙa zubo haske ƙasa. Za ki ga kowane lungu da tudu na bulon ya fito da inuwarsa. Sauran bangaye ukun da silin a yi su farare tas, a rataya madubi babba yana kallon taga. Fenti a kan bulo shiga ce ba fita. Ki yi tunani sau goma.

Mai Buroshi:
Anti, fitila sai da dare ko? Ita da rana take kuka. Jan bulo kaɗan yake mayarwa daga hasken da ya sauka a kansa, farin bango kuwa yana mayar da mafi yawansa. Ba wanda zai kunna fitila ƙarfe uku na rana don bango.

Anti Mai Ado:
Na yarda da wannan. Amma ka faɗa mata gaskiya, ruwan fentin da ka ce a shafa, in ta canja ra'ayi bayan shekara biyu, zai fita?

Mai Buroshi:
Ba zai fita duka ba. Wanda ya shiga ramukan bulo ya shiga ke nan. Wannan kam ba zan ɓoye ba.

Abu Hanif:
Bari in ba ku nawa labarin, don har yau abin na ci mini rai. Ina da bango irin wannan a ɗakin karatu. Wani mai fenti ya ce mini fentin mai ya fi, ana goge shi da tsumma. Ya shafa hannu biyu, fari mai ƙyalli. Watan farko kowa ya shigo sai ya yaba, ko da yake ni tun a lokacin na lura sheƙin yana tona duk wani karkataccen layi. Kafin shekara, daga ƙasa ya fara kumbura kamar bororon ƙuna. Na sa yatsa na danna ɗaya ya fashe, cikinsa wani abu mai santsi da danƙo, a bayansa kuma fuskar bulon ta zama gari tana zubowa. Da na tashi cirewa na shafa maganin cire fenti sau uku, ina kankara da wuƙa, ina bin layukan siminti da buroshin waya. Mako uku na yi a kan bangon da bai kai na Hajiya ba. Har yanzu in ka matsa kusa za ka ga farin ɗigo a cikin ramukan. Bulon da ya ci kuwa ya ci. Don Allah duk abin da za a shafa, a bar wa bangon hanyar fitar da danshinsa.

Injiniya:
Sannu Abu Hanif. Abu mai santsin da ka gani sabulu ne, ba wai kama ba, sabulu na gaske. Siminti yana da kaifi irin na toka da soda. In danshi ya ɗauko wannan kaifin ya haɗu da man da ke cikin fenti, abin da ke faruwa a tukunyar sabulu shi ke faruwa a bangonka. Shi ya sa ba a ɗora fentin mai kai tsaye a kan siminti, kuma sabon gini ake ba shi aƙalla kwana 28 kafin a shafa masa fenti, da fentin share fage mai jure kaifin siminti a ƙasa.

Gargaɗi ɗaya ga mai niyyar kankare tsohon fenti. Fentin zamanin da, musamman na mai, akan same shi da dalma. Amurka ta hana irinsa a gidaje tun 1978, amma ba ko'ina aka hana a lokaci guda ba. Kada a bi shi da sanfefa a bushe, ƙurarsa guba ce, ta fi illa ga yara. Kada kuma a yarda a feshe bulo da yashi da inji. Ƙarfin bulo yana fatarsa ta waje da wuta ta gasa, in aka ci ta an bar shi tsirara.

Baba Magini:
Shi ya sa ni farar ƙasa nake so wa bulo. Ba alli ko farin yumɓu da ake damawa ba, ta ainihi, wadda masu gini ke kira laim. Ita ba rufe bango take ba, shiga jikinsa take. Danshi na fita ta cikinta yadda yake fita ta bulon. Kuma kyan da 'yata ke nema, na nan fari can ja-ja, ita ke ba da shi da kanta, don kowane bulo gwargwadon ƙishirwarsa yake sha. Wanda ya ƙone sosai kaɗan yake sha sai ya fito da duhunsa, mai laushi ya sha da yawa ya yi fari. Ba sai ka tsara ba, bangon ke tsara kansa.

Mai Buroshi:
Ranka ya daɗe, ina girmama maganarka, amma falo ne fa, akwai yara. Farar ƙasa tana bin riga. Mutum ya jingina ya tashi da farin baya. In yaro ya sa hannun mai, ba ta wankuwa. Na sha zuwa gyaran irin wannan aikin.

Baba Magini:
Ayyukan da ka je gyarawa, na san yadda aka yi su ko ban gani ba. An dama ta da kauri don a gama da wuri, an shafa a busasshen bango, ta bushe cikin awa ɗaya. Wannan dole ta bi riga. Ga yadda na koya kuma nake yi. Da farko a jiƙa bangon da feshi har ya daina tsotsa da sauri, amma kada ruwa ya riƙa gangara. A dama ta tsinkakkiya kamar madara, a tace. A riƙa juya bokitin duk bayan 'yan mintuna don tana kwanciya. Buroshi babba mai gashi da yawa, ba rola ba, ana cusa ta cikin layuka, hannu na tafiya gicciye, nan dama nan hagu. Lokacin da kake shafawa za ka rantse ruwa kake shafawa, ba ka ganin komai. A nan ne masu gaggawa ke ƙara kauri su ɓata aiki. Ka yi haƙuri, gobe da safe za ka tarar bango ya yi fari. A rufe taga kada iska mai zafi ta busar da ita da wuri, in an ga tana saurin bushewa a ɗan fesa mata ruwa. A ba kowane hannu kwana ɗaya. Hannu uku sirara sun fi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba.

Maganar hannun mai kuwa, gaskiyarka ne, ba ta wankuwa. Amma a tsoma buroshi a shafa a wurin, ya bushe ya saje. Ba na ba da shawararta a bayan abin girki inda mai ke fantsama.

Injiniya:
Dalilin abin da Baba ya faɗa ke nan. Dutsen laim ake ƙonawa a zafin da ya kai wajen digiri 900 na Selshiyas, iskar kabon dayoksaid ta fice daga jikinsa. A zuba masa ruwa ya tafasa ya zama laim. In aka shafa a bango, a hankali yake sake jawo wannan iskar daga ɗaki ya koma dutsen da yake tun asali. Wannan komawar ba ta yiwuwa sai da ɗan danshi. In ya bushe kafin ta kammala, gari ne kawai a manne, shi ne mai bin riga. A ma'aunin kaifi da ake kira pH ya haura 12, shi ya sa fumfuna ba ta son sa, shi ya sa kuma yake cin fata. Safar hannu da tabaran kariya dole ne. In ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa nan take a tafi asibiti.

Malama Mai Zane:
Ina jin daɗin zaren nan. Bari in shigo ta ɓangaren ado, don fari ba shi kaɗai ne launi ba. Farin da ya yi tas a kan jan bulo wani lokaci yakan ba da ruwan hoda-hoda da ba kowa ke so ba. Ɗan garin launin ƙasa kaɗan, rawaya ko ruwan ƙasa, yana kashe wannan. A cikin farar ƙasa sai launukan da aka samo daga sinadarin tsatsar ƙarfe, su ke jure kaifinta, wasu launukan cinye su take su koɗe. A jiƙa garin daban a dama shi ya narke kafin a zuba, in ba haka ba zai riƙa fashewa a kan buroshi yana jan layi. Kuma kada launin cikin bokiti ya tsorata ki, in ya bushe yana yin haske sosai fiye da yadda yake a jiƙe.

Wanda na fi so a aikina shi ne busasshen buroshi. Ki tsoma bakin gashin kawai, ki goge a kwali har ki ga kamar babu saura, sannan ki ja shi sama-sama a kan bulo. Tudun ne kaɗai ke ɗauka, ramukan su zauna da launinsu. Da hasken da ke shigowa ta gefe irin na tagarki, abin yana fitowa kamar an barbaɗa gari. Na taɓa tsayawa a gaban bulo ɗaya mai tsaga a tsakiya, na ja buroshi sau ɗaya, tsagar ta fito baƙa a cikin fari kamar an zana ta da alƙalami. Ban ƙara taɓa shi ba.

Ana kuma yanka soso daidai girman bulo, a haɗa launi uku masu kusanci, ana dangwalawa bulo-bulo. Sharaɗin kawai kada a bi tsari. Da zarar ido ya gano ɗaya fari ɗaya duhu, ɗaya fari ɗaya duhu, ya zama tayil. Kowane ɗan lokaci a ja da baya zuwa bakin ƙofa a duba.

Ɗan Auta:
Malama, mu da namu bangon filasta ne fa? Za a iya zana bulon?

Malama Mai Zane:
Sosai ƙanena. A fara shafe bangon da launin siminti. In ya bushe a ja layuka da siririn tef mai faɗin milimita 10. Bulon Ingila na yau fuskarsa milimita 215 ce a tsawo, 65 a tsayi, ka bi wannan awon ido zai yarda. Kowane layi ya goce da rabin bulo daga na ƙasansa. A dangwala launukan da soso, a ɓare tef ɗin kafin fentin ya bushe sarai.

Abu Hanif:
Akwai wanda nake gani a hotuna, kamar an yaɓa wa bulon fari an kankare. Shi kuma fa?

Mai Buroshi:
Shi ake kira shafin Jamus. Ba fenti ba ne, kwaɓin farin siminti ne. A jiƙa bulo, a cika layukan har su tumbatsa, a ja ragowar a kan fuskar bulon da cokalin gini ko soso, kafin ya kama a kankare inda ake son ja ya leƙo. Yana rufe karyayyun baki da munanan layuka, bango ya fito kamar na tsohon gini. Amma in Anti na cewa fenti shiga ce ba fita, to wannan har ƙofar ake toshewa. In ya daskare sai asid da kurfi, kuma asid a cikin ɗaki ba abin wasa ba ne. Ba zan ba Hajiya shawararsa ba tunda tana son ganin kowane bulo.

Injiniya:
Ƙari ɗaya ga mai son abin da ba ya bin riga kuma ba ya toshe bango: fentin silikat. Wani Bajamushe, Adolf Wilhelm Keim, ya yi masa rajista a 1878. Maimakon ya yi fata a sama, haɗewa yake da yashin da ke jikin bulo da siminti ya zama abu ɗaya da su. Akwai tsinkakkensa da ake shafawa a riƙa hango bulon. Ba ya ɓarewa, amma ba ya cirewa, kuma in ya fantsama a gilashi yana cin sa, sai an rufe taga da kyau. Shi ma kamar farar ƙasa, ba ya kama bulon da aka toshe da banish.

Maman Nana:
Na dawo da rahoto, kuma na gode ƙwarai. Baba, maganarka ta tabbata. Ledar ƙasa ta kwana ta tashi da gumi, ta sama a bushe. Mai famfo ya fasa ta banɗaki ya tarar da mahaɗar bututu tana ɗiga a cikin bango, ya canja ta. Gwajin ruwan kuma ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Ko'ina yana tsotsewa, ban da wani wuri a tsakiya, kamar faɗin talabijin, inda ruwan ke gangarowa. Da na haska fitilar waya ta gefe sai na ga yana ɗan ƙyalli. Da alama masu gidan na da sun gwada banish a nan suka fasa.

Na karkata ga farar ƙasa, maigida ma ya yarda da ya karanta labarin Abu Hanif. Yaya zan yi da wurin nan mai banish? Kuma yaushe zan fara?

Mai Buroshi:
Tunda kin zaɓa Hajiya, Allah ya sa albarka. Ni da imolshan na saba, amma a bangon da ya taɓa shan ruwa hujjar Baba ta fi tawa. Banish ɗin dole ya fita, in ba haka ba wurin zai fito kamar faci. Maganin cire fenti mai kauri, a buɗe taga, a sa takunkumi da safar hannu, a kankare, a wanke, a sake yayyafa ruwa. Sai ya tsotsa kamar maƙwabtansa sannan an gama. Buroshin roba mai tauri ya fi na waya a fuskar bulo, na waya yana barin baƙin zane.

Anti Mai Ado:
Ni har yanzu da an bar shi ja. Amma tunda za a yi, roƙona ɗaya: kada ki fara a tsakiya. Ki gwada a inda kujera za ta rufe, wuri uku jere, hannu ɗaya, hannu biyu, hannu uku. Ki zauna da su kwana uku, ki gan su da safe, da la'asar, da dare.

Baba Magini:
Kada ki fara yanzu 'yata. An tsayar da ruwa, amma wanda ya riga ya shiga yana ciki, kuma bango mai kauri yana iya ɗaukar watanni kafin ya saki. Ki janye kujera daga kusurwar, ki bar iska na bugunta. Gishirin zai ma ƙaru a kwanakin farko, kada ki damu, fita yake yi. Duk mako ki kakkaɓe shi a bushe. Ranar da kika yi mako uku ba ki ga sabo ba, ki sake manna ledar. Kafin nan ki bi layukan ƙasan da ƙusa, duk inda siminti ke zubowa a cike shi tukuna, shi ma a ba shi lokacinsa.

Maman Nana:
To Baba, zan jira. A yanzu zan yi gwajin Anti a ɓangaren hagu da yake a bushe. Malama, a cikin ukun zan sa wa ɗaya ɗan rawayan da kika ce. Cokali nawa zan fara da shi a ƙaramin bokiti?

Malama Mai Zane:
Rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, ki rubuta a takarda. Ki shafa a bulo biyu, gobe ki duba kafin ki ƙara. Duk awon da ya yi miki, shi za ki ninka ki haɗa na bangon gaba ɗaya a bokiti guda, don in ya ƙare a tsakiya da wuya na biyu ya zo daidai da na farko. Ki ɗauko mana hoton da la'asar, lokacin da hasken tagar ke kwanciya a kansa.